Miya Ta Nuna, Saura Kwano

Miya ta nuna tun la'asar, saura kwano.
Sati uku ina bin shagunan Kawo,
ina tsare masu tireda a Tudun Wada da tambaya:
me ya sa man gyaɗar Hajiya Tasalla
yake kwana a kan kanta,
na wasu yana ƙarewa kafin azahar?
Na samo amsa. Gobe ƙarfe goma zan kai ta Kakuri.
Ga ni a Barnawa, sha biyun dare ta gota,
ban san a me zan zuba ta ba.

Da majigi na fara.
Shafi talatin da huɗu, kowanne da launinsa,
da kibiya mai hawa sama kamar kuɗin shinkafa.
Sallau abokin aikina ya ce ya yi kyau,
amma Sallau ko bango ka nuna masa zai yaba.
Sai na tuna ofishin Hajiya:
soket ɗaya ne, firji ya riga kowa,
wutar unguwar kuma baƙuwa ce
da ba ta sallama, ba ta bankwana.

To, a yi littafi.
A buga, a ɗinke, a sa masa bango mai ƙyalli.
Na taɓa yi wa wani Alhaji haka a Unguwar Sanusi.
Da na koma bayan wata biyu
a ƙarƙashin ƙafar tebur na tarar da shi,
yana hana teburin rawa.
Ya dai yi amfani.

Su uku za su zauna.
Hajiya, wadda lissafinta a ka yake,
abin da hannunta bai taɓa ba labari ne.
Ɗanta Mudi, digirinsa ko bushewa bai yi ba,
in babu jadawali a magana
gani yake an raina masa karatu.
Sai Baba Bitrus akawu,
shekara ashirin ya yi a masaƙa har aka sa mata kwaɗo,
ya ga manyan tsare-tsare sun zama sheƙar tattabaru.
Tambayarsa ɗaya ce tun daga lokacin: nawa ne?

Baki uku, kowa da irin gishirinsa.

Na tashi neman ruwa a kicin.
Kusa da risho, ga ƙullin mai a farar leda,
na ɗari uku, Ladidi ta sayo da yamma,
ta ɗaure bakinsa ta jingina shi da kofi kada ya kife.
Na tsaya ina kallonsa.
Abin da na cika shafi talatin da huɗu ina faɗi ke nan:
Hajiya galan take sayarwa,
mutane kuwa na yau kawai suke iya saye.
Gidana ma bai sayi nata ba.

Na wanke wata 'yar kwalbar magani,
na juye man a ciki, na murɗa murfi.
Wannan na Hajiya ne, ta juya shi a tafinta.
Na buɗe waya, muryar Inna mai ƙosai tana nan,
minti ɗaya tana cewa galan na masu albashi ne.
Ita za ta fara magana, ni in bi baya.
Baba Bitrus takarda ɗaya, layi shida,
kuɗin kwalba, kuɗin keke, abin da zai rage.
Mudi kuma in an watse
sai in tura masa launukansa duka, ya kwana yana duba.

Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Na ɗaga kwalbar daga kan takardar,
ashe ta bar zoben mai
daidai kan kalmar riba.
Tawada ta ƙare, ba zan sake bugawa ba.
Hajiya ma kafin ta karanta komai
sai ta shinshina.

Saura in gaya wa Ladidi inda man miyarta ya tafi.