Yatsa Huɗu

A Bompai na same shi, a gidan da ake kwashewa,
an lulluɓe shi da zanin gado kamar majinyaci.
Masu gidan za su koma ƙasarsu.
Firji ya tafi, kujeru sun tafi,
shi kaɗai ya rage, baƙi wuluk, da nauyin bijimi,
fiyanon katako,
haƙoransa sun rine kamar na tsohon maci goro.

Na danna ɗaya daga can hagu.
Sautin bai biyo ta iska ba,
ƙasa ya bi, ya ratsa siminti,
ya hau ta tafin ƙafata ya zauna a ƙirji.
Na ɗage yatsa, bai tafi ba
sai da ya yi sallama da kowace kusurwa.

Baba Dogara, wanda ya rage a Sabon Gari
cikin masu ɗaure wa irinsa waya,
ya leƙa cikinsa da tocila, ya girgiza kai:
"Wannan ba kaya ba ne, ɗana, iyali ne.
Bazara ta ƙeƙasar da shi, damina ta kumbura shi,
sau biyu a shekara sai na zo,
ni kuwa ka ga gwiwata."

Washegari na shiga kasuwa.
Wani yaro, Nazifi, ya zaro na lantarki daga kwali
da hannu ɗaya, kamar mai ɗaukar tabarma.
Ya danna nan, ya zama kalangu,
ya danna can, ya koma sarewa,
har tafi aka zuba a ciki, in ka gama a yi maka.
"Yallaɓai, ga abin sawa a kunne.
Ko ƙarfe biyun dare ne, maƙwabci ba zai ji ba."

Maƙwabci kam ina da shi.
Bango ɗaya ne tsakanina da Malam Tanimu a Gwammaja,
in ya yi tari, ni ke cewa sannu.

"In an ɗauke wuta fa?"
"Akwai batir."
"In batir ya mutu?"
Ya yi dariya. "Sai ka kwanta."

Gaskiya na katakon na so, saboda Inna.
Kunnenta ya yi nauyi tun bara waccan,
rediyo ma sai ta kara shi a kunci.
Na yi ta hango ta
ta ɗora tafin hannu a kan murfinsa
tana jin abin da nake koyo ta cikin ƙashi.

Sai na kwance igiyar shanya na koma Bompai.
Na auna faɗinsa, na ƙulla.
Na dawo na auna ƙofar soronmu, na ƙulla.
Tsakanin ƙulli da ƙulli
yatsa huɗu.
Mai gidan haya ya ce in aka taɓa bulo ɗaya
in fara neman wani gida.

A cinya na ɗauko na lantarkin, cikin adaidaita sahu,
iskar titin Katsina na kaɗa kwalin.
Ba ni da abin zarginsa.
Ba ya kumbura, ba ya neman Baba Dogara,
yana jira na in dawo daga aiki, in ci tuwo,
in toshe kunne in yi kuskurena ni kaɗai.
In wuta ta ɗauke, yatsuna ba sa tsayawa,
ƙwas, ƙwas, a cikin duhu,
kamar kaza na tsattsagar faranti.

Ran nan na cire abin kunnen, na ƙure murya.
Inna ta matso ta ɗora hannu a kan robar.
Na buga mata duk abin da na iya.
Ta jira.
Can ta ce, "Ka fara?"

Na ji an ce wani otal ya saye wancan,
sun ɗora masa furen roba a ka.

Igiyar ta koma shanya.
Kullum Inna na mitar ƙullin nan biyu
da ke kama mata bakin zani.
Na ce zan kwance.
Ban kwance ba.