Shi'ira a Saman Gangare

An ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Gangare ta yi tsit, sai janareton mai shayi
da ke tari a bakin titi.
Na fito tsakar gida da bargo a kafaɗa,
sanyin Jos na cizon kunne,
ga ta can bisa duwatsu,
fara sol, tana watsa shuɗi da ja
kamar wutar mai walda daga nesa.

Ba Zara ba ce, matar wata, mai kwalliya da hasken aro.
Wannan murhunta nata ne.
Malam Gyang, da alli har gwiwar hannu,
ya ce ta fi ranarmu girma, ta fi ta zafi,
nisa ne kawai ya mai da ita ƙwayar gero.
Ya ce mutanen Masar na dā
in ta leƙo gabanin ketowar alfijir
sai su janye tukwane daga bakin kogi,
sun san ambaliya na tafe.

Baba bai san ta da sunan Larabawa ba.
Agogon leburori yake ce mata.
Zamanin da yake wankin kuza a Bukuru,
in ta sunkuya yamma
a shafa fuska da ruwan sanyi, a saɓa shebur.

Shekara takwas da 'yan watanni
hasken nan ya yi a hanya, ba zango, ba guzuri.
Na lissafa da yatsu.
Ranar da ya baro gida
Baba na kan wannan dakalin yana gyaran rediyo,
Kande kuwa ba ta cika arba'in ba.
Yanzu ga ta nan da giɓi a baki,
dakalin kuma babu kowa.

An ce tana da abokiyar tafiya,
'yar mitsitsiya, wutarta ta ƙare sai garwashi,
ido ba ya kama ta.
Amma nauyinta na jan babbar,
har tafiyarta ta riƙa ɗan karkacewa.
Ta haka aka fara gane tana nan.

Kande ta ce, “Abba, me ya sa kake tafiya
da hannu a baya kamar tsoho?”

Kafin in amsa aka kawo wuta.
Yara suka yi ihu har Dilimi.
Tauraruwar ta dusashe kaɗan,
ba ta tafi ba.