Sha Ɗaya da Kwata

Ran Litinin Talatu ta bugo daga Kafanchan:
"Tanimu, ya sake yankewa.
Ina cikin shigar da buhun citta na arba'in da uku
allo ya tsaya cak, ya zuba mini ido."
Na ce, kashe ki kunna.
Abin da muke faɗa ke nan in ba mu san komai ba.

Ofishinmu na Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
ɗaki uku, fanka biyu, ɗaya ta daina juyi.
Daga nan wata igiya da ido ba ya gani
take miƙewa har Kafanchan, har Saminaka,
ta kwaso lissafi ta ajiye gaban Alhaji Shekarau
kafin shayinsa ya huce.

Na fara da waɗanda aka saba zargi.
Na zagi masu wuta, ashe ranar sun kawo.
Na ɗaga kai neman hadari, sama fes.
Kamfanin layi suka ce in yi haƙuri,
suka sa mini kiɗa na minti goma sha tara.
Na rarrafa ƙarƙashin teburin akawu
ina laluben haƙorin ɓera a jikin waya,
na fito da yana a hula da biro uku.
Waya lafiyarta ƙalau.

Talata ya yanke.
Laraba ya yanke.
Alhaji ya leƙo ta saman tabarau:
"Albashin nan na kallon allo ne?"

Talatu ce ta gano bakin zaren, ba ni ba.
Ta ce, "Ni ban san aikinku ba,
amma duk sanda ya mutu, mai awara tana bakin ƙofa,
ita kuwa ba ta saɓa sha ɗaya da kwata."

Alhamis na zauna na tsare agogo
kamar mai gadin rumbu.
Sha ɗaya da minti goma, Iliya ya shigo da makullai,
ya buɗe sito, ya hure ƙura,
ya kunna tsohuwar kwamfutar rasit.
Sai ga kundin bayanai ya cika yana tumbatsa,
layi kan layi, tambaya guda:
kina nan? kina nan? kina nan?

Manhajar firinta ce.
Da ta farka sai ta shiga cigiya,
ta bi adireshi ƙofa-ƙofa tana ƙwanƙwasawa,
ta gama Kakuri ba a amsa ba,
ta kutsa siririyar hanyar Kafanchan da gayya guda
har buhun Talatu ya rasa wurin ratsewa.
Wadda take nema kuwa, baƙar nan mai cin takarda,
tun bara Iliya ya ɗaure ta a bayan babur
ya kai Panteka aka auna a kilo.
Babu wanda ya yi wa manhaja gaisuwar rashi.

Na duba wanda ya saka ta.
Shekara uku baya, ranar Asabar, ga sunana.
Na tuna ina sauri, ana jirana ɗaurin aure a Rigasa,
na danna na yarda, na yarda, na yarda,
ban karanta ko layi ɗaya ba.

Cire ta bai kai shan ruwa ba.

Juma'a, sha ɗaya da kwata ta zo ta wuce.
Wayata na kan tebur, shiru.
Na ɗauka na duba ko caji ne ya ƙare.
Alhaji ya ce, mene ne ya faru?
Na ce, 'yar matsala ce ta na'ura, ranka ya daɗe.

Da yamma na bi ta Panteka ba don hanya ba.
Ƙarafa tuli, ana ta bugu.
Na rage gudu kaɗan,
mai keke a bayana ya danna mini oda.