Ƙarar da Na Rufe da Rediyo

Wata uku motata tana magana,
ni kuwa ina ƙara wa rediyo murya.
Ƙwas-ƙwas in na hau gadar Kawo,
gwaf in taya ta faɗa ramin Mando.
Na ce tsufa ne. Wa ya tsufa bai yi nishi ba?

Ran Talata sitiyari ya yi mini gardama.
Na ce dama, ya tsaya shawara,
sai da na shafi teburin mai lemo
kafin ya yarda.
Mai lemo bai zage ni ba. Kallo ya yi mini,
kallon ya raka ni har Panteka.

Barau na cin gyaɗa a bakin rumfa.
Bai tambayi abin da ke damun ta ba.
Ya dafa gabanta da tafi biyu, ya danna, ya saki,
ta yi ta rausaya kamar kwalekwale a tsakiyar kogi.
"Shakazoba ta mutu tun bara," in ji shi,
"gawa kake yawo da ita."

Ya ce Dogara ya kawo jak.
Taya ta bar ƙasa.
Ya kama ta dama da hagu, ya girgiza,
ya kama sama da ƙasa, ya girgiza,
ido a rufe, kamar maɗori na laluben karaya.
Sannan ya shimfiɗa kwali ya shige,
tocila a baki,
ƙafafunsa kaɗai suka rage mini abokan hira.

Da ya fito ya ce in duƙa.
Na duƙa da ƙyar.
Roba ta yage, giris ya bushe,
yashin damina biyu ya tare a ciki.
Kan tayarod na lilo a gurbinsa
kamar haƙorin ɗan shekara shida.

"Wa kake ɗauka?"
Na ce jikoki uku,
kowace safiya, zuwa Unguwar Sarki.
Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa.
Bai ce komai ba. Da ma ya ce.

Na ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Ya ce, "Haka ne, Baba.
Amma ba a zuwa tasha a tarye shi."

Muka yi ciniki mai tsawo.
Na so a sauya ɓangare guda.
Ya nuna ƙafata:
"Takalmi sabo a dama, tsoho a hagu,
ɗingishi ka saya da kuɗinka."
Kuɗin da na ajiye don kwanon rufi
ya tashi daga aljihuna bai yi sallama ba.

Noti ya ƙi. Tsatsa ta riƙe shi gam.
Aka ɗiga masa baƙin mai, aka ba shi lokaci,
aka lallashe shi da sifana,
da ya ƙi lallami guduma ta yi magana sau uku.
Dogara na kwancewa yana ƙirga zagaye,
sha biyar, sha shida, sha bakwai,
ya rubuta a ƙasa da yatsa
don sabon ya zauna inda tsohon ya zauna.
Kiran La'asar ya same su a ƙarƙashi,
suka fito, suka wanke hannu da omo da yashi.

Barau ya miƙo mini tsohon ƙarfen.
Bai fi tafin hannuna ba.
Ashe wannan ne tsakaninmu da ramin.

Na biya wajen masu saiti, na kama hanya.
Rediyo a kashe.
Na ce dama, ta yi dama.
Rami ya zo, ta haɗiye shi ba ta faɗa wa kowa ba.
Shiru ya cika motar har na tsargu.

A cikin shirun, wajen shataletale,
na taka kuloci,
na ji ƙwas.

Gwiwata ce.
Ita ma ta daɗe tana magana.
Irin nata kuwa
ko a Panteka babu.