Sammacin Mai Faci

Da hantsi ne, ina facin tayar kabu-kabu
a bakin hanyar Tibiri,
sai kukan birki, sai shiru.
Yaro kwance, buhun gyaɗarsa ya fashe,
awaki sun riga mutane isowa.

Jama'a suka kewaye shi,
salati a baki, hannu a aljihu.
Wani ya ɗaga salula yana ɗauka.
Ni kuwa Nomau, da ban yi lakwal ba,
na sunkuce shi kamar ɗan cikina.
Jininsa da baƙin man hannuna suka gauraya
har ƙofar likita.

Ya rayu. Ƙafafun ne suka ƙi tashi.

Bayan kwana arba'in, ga takarda mai hatimi.
Maƙwabcina Tsahiru ya karanta mini:
wai ɗaukar da na yi ce ta karya gadon bayansa.
Mai motar ya bi iska, ba lamba, ba suna.
Ni ke da rumfa, ni ake iya samu.

Na sayar da injin iskata jika tamanin,
na ba lauya mai duban agogo in ina magana.
Uban yaron bai ɗago ya dube ni ba a kotu.
Ban ga laifinsa sosai ba,
keken guragu ba da hawaye ake sayensa ba.

Jiya wani birki ya sake kuka.
Ƙafata ta miƙe, cikina ya zauna.
Na ƙirga ɗaya, biyu, uku,
na goge hannu a wando,
na ce, Tsahiru, taso ka zama shaida.
Muka ruga.