Fensirin Baltasar

Mai saye ya zo daga Comodoro da sassafe,
takalminsa sabo, bai san ƙayar Chubut ba.
Ya zagaye jirgin sau biyu kamar mai duba goɗiya a kasuwa,
ya ƙwanƙwasa fiffike, ya ji yadi ne, ya ɗaga gira.
Ya ce, Eulalia, faɗa mini lambobinsa.

Na buɗe littafin da ya girme ni,
shafinsa launin shayi, warinsa mai da ulu.
Ƙarfin doki sittin da biyar, in ji kamfani.
A gefe, da fensir, hannun ubana Baltasar:
"Biyar sun mutu tun kafin in saye shi.
Sauran sittin ɗin dattawa ne, a lallaɓa su."

Gudu: kilomita ɗari da ashirin a awa.
Fensir ya ce, "In iska ta yi barci.
A ƙasar nan kuwa ba ta da gado."
Na tuna ranar da muka nufi yamma, ina shekara tara,
iska ta dafe mana ƙirji,
motar ulun Evaristo Millán ta wuce mu a ƙasa,
direba yana ɗaga mana hula,
ubana yana dariya har hawaye na bin bayan kunnensa.

In gudu ya gaza sittin da ɗaya,
fiffike zai saki iska, hanci ya sunkuya.
Nan fensir bai yi wasa ba.
Layi biyu ya ja, ya danne har takarda ta huje.

Hawa: mita ɗari da arba'in a minti.
"Da sanyin safiya, kafin in karya kumallo."

Tanki lita arba'in da biyar, a gaban gwiwa yake.
Ba allura, ba agogo,
'yar waya ce a kan toshiya mai iyo,
tana leƙowa ta saman hanci,
tana nitsewa sannu sannu, idonka na binta.
Awa uku, in ji kamfani.
"Biyu da rabi. Rabin ƙarshe na Allah ne,
kada ki ci bashinsa, Eulalia."
Shekara nawa ina buɗe wannan shafi,
sai yau na ga sunana a ƙarshen layin,
ƙanana ƙanana, inda yatsa ke rufewa.

Kaya: kilo ɗari biyu, har da mai, har da matuƙi.
Nan bai rubuta komai ba, amma kowa ya sani.
Shekarar da ƙanƙara ta binne tumaki tsaye,
Nicanor makiyayi ya karye a cinya, can bayan tafki,
ƙato ne, nauyinsa ya kai ɗari da goma.
Ubana ya ajiye akwatin sifana a kan ƙanƙara,
ya ajiye babbar rigarsa, ya ajiye takalmi,
ya tashi da safa kawai,
tayar hagu ta shafi wayar shinge.
Yatsu biyu ya bari a wannan tafiya.
Nicanor har yau yana kawo mana rago duk Disamba.

Mai saye ya latsa wayarsa, ya yi lissafi,
ya ce, motata ta fi shi sauri.
Na ce, gaskiya ne.

Na sa duwatsu a gaban taya,
na kama farfela da tafin hannu yadda aka koya mini,
ƙafa ɗaya a baya, jiki a shirye ya kauce.
Na farko, tari.
Na biyu, shiru.
Na uku, dattawa sittin suka farka tare,
ciyawa ta kwanta, karnuka suka bazama,
mutumin ya dafe hularsa da hannu biyu.

Yana magana, ina ganin bakinsa na motsi.
Wataƙila farashi yake faɗa.
Ni kuwa wayar tanki nake kallo,
tana tsaye ƙyam, tana rawar sanyi,
awa biyu da rabi cif.