Kofi Biyu a Finang

Ƙarƙashin dalbejiyar Mabera, bayan la'asar,
Sambo ya ce, "Modi, ka sake ɗaure jaka?
Mi ka aje a Maleshiya
da kake komawa kamar mai bin bashi?"
Ladan ya furzar da tukar goro:
"Kuɗin albasar bana ma teku za ta sha.
Ga Masar, ga Dubai, duniya da faɗi,
kai ko kullum Finang, Finang,
kamar akuyar da ta san turke guda."

Na yi dariya. Mai amsa tambaya a majalisa
yakan zaɓi wadda ta fi sauƙin ɗauka.

Na ce musu ruwa ne.
Mu nan wata bakwai muna lallashin gajimare,
kwalta na narkewa a ƙarƙashin takalmi.
Can hadari ba ya alkawari, zuwa yake,
ya wanke gari, ya wuce,
ya bar ƙasa tana huci kamar tuwon da aka kwashe.

Na ce musu shinkafa ce da madarar kwakwa,
a ƙunshe cikin ganyen ayaba,
da wani ɗan itace mai ƙayar bushiya,
warinsa ya kori na daddawa,
amma in ka daure, zuma ce.
Na ce akwai masallaci mai ƙafafu cikin teku,
kana sujada, igiyar ruwa na tasbihi a ƙarƙashinka.

Suka ce, "To." Aka koma zancen farashin taki.

Abin da ban faɗa ba shi ne Kulu.

Shekara tara ke nan da na kai ta,
takardun asibiti cike da jaka,
ba ta da nauyin buhun gero rabi.
Wata biyu muka yi.
Ranar da likita ya ce ta ɗan taka,
muka fito, ruwa ya tsuge,
ta ƙi lema.
Matar da ta haifi shida, ta aurar da huɗu,
ta tsaya tsakiyar titi, gyale a jiƙe,
tana ƙyalƙyala kamar ranar da na fara ganinta
a bakin gulbin Rima da tulu.

Muka fake a rumfar wata tsohuwa mai shayi,
tana jan sa daga kofi zuwa kofi, kamu guda,
har Kulu ta ce, "Wagga ta fi Ɗan'ige na bakin tasha."
Tsohuwar ba ta ji ba, amma ta yi dariya.
Da hannu suka yi hirarsu kwana ashirin,
har jikoki suka ƙirga wa juna da yatsa.

Mun dawo. Ta yi damina biyu.

A Sakkwato kowa ya san ta tafi.
Masu gaisuwa sun kai ta har cikin muryarsu.
Can kuwa ban taɓa samun kalmar ba,
ko na samu ban so.
Duk shekara tsohuwar na hango ni
sai ta leƙa bayana,
ta aje kofi biyu.
Na shanye nawa. Na jira ɗayan ya huce.
Bara ta daɗe tana kallona,
ta dafa ƙirjinta,
amma ba ta ɗauke kofin ba.

Kabarinta na nan, ina zuwa ran Juma'a.
Dariyarta ce ke can,
kuma wa ke barin ajiyarsa babu dubawa?

An kira magariba. Muna kakkaɓe tabarma
Ladan ya matso, ya rage murya:
"In ka tafi, man zafin nan na bara,
mai ƙaramar kwalba,
ka riƙo mini biyu. Gwiwar ta matsa."